Babban Goro Sai Magogin Ƙarfe

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, 'yan kasuwa suka fara komawa Soba suna share rumbuna da ofisoshin da yaƙi ya bari fayau, wata sabuwar cuta ta shigo, kuma dillalan kwamfuta ne ke yaɗa ta. Alhaji ya zo neman na'urar da zai riƙa rubuta lissafin buhunan riɗi da ƙaro, sai a jawo masa wata ƙatuwar tafi-da-gidanka mai fuska inci 17, a buga bayanta da tafin hannu a ce, "Alhaji, wannan ta sojan Amurka ce, ko daga kan mota ta faɗo ba abin da zai same ta." Ni kuwa na ce wannan cinikin biri a sama ne.

Mu fara da maganar sojan. Abin da dillali ke nunawa a jikin kwali shi ne MIL-STD-810, jerin hanyoyin gwaji da ma'aikatar tsaron Amurka ta tsara: zafi, sanyi, jijjiga, ƙura da sauransu. Babu wata hukuma da ke zaune tana buga wa kwamfutocin kasuwa hatimin cin wannan jarrabawa. Kamfani ne ke zaɓar gwajin da ya ga dama, ya gwada kayansa, ya rubuta a takardar talla. Ɗalibin da ya zaɓi tambayoyinsa da kansa, ina mamaki don ya zo na ɗaya?

Sai ƙura. Duk wanda ya taɓa ganin habub ta taso kan Khartum kamar bango, rana tsaka ta koma magariba, ya san ƙurar garin nan ba ta neman izini. Manyan kwamfutocin nan irin su Dell Precision da HP ZBook Fury da ThinkPad P suna da ƙarfi ƙwarai, ban musa ba. To amma ƙarfi zafi yake haifarwa, zafi kuma sai da fanka, fanka kuwa iska take zuƙa da duk abin da ke cikinta. A kwana a tashi ƙura ta toshe mafitar, na'ura ta rage gudu don kada ta ƙone, sai ga dokin sukuwa yana tafiyar jaki. Wadda aka ƙera don ƙura da gaske tana ɗauke da lambar IP, kamar IP65, inda 6 ɗin ke nufin ƙura ba ta shiga sam. Irin su Panasonic Toughbook ke nan, kuma fuskarsu ba ta kai girman da ake yi wa Alhaji kwaɗayi da shi ba. Abu biyu ne mabambanta, dillali ya haɗa su a baki ɗaya don ya ninka farashi.

A buɗe takardar da ke cikin kwalin ma a karanta. Yawancin kwamfutocin ofis an rubuta musu iyakar zafin wurin aiki digiri 35. A watan Mayu, zafin Khartum yakan wuce 40 a inuwa. Rumbun kwano a Soba ƙarfe biyun rana fa?

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne wuta. Cajar waɗannan ƙattai takan kai wat 230 ko 240, alhali kwamfutar ofis mai inci 14 na wadatuwa da wat 65. Batirinsu kuma bai wuce awon da kamfanonin jiragen sama suka yarda a shiga da shi ba, wato wat-awa 100, don haka babban injin da faffaɗar fuska su lashe shi kafin a gama shan shayi na biyu. A ƙasar da jirage marasa matuƙa suka kai wa madatsar ruwa ta Marawi hari fiye da sau ɗaya a 2025, garuruwa suka kwana cikin duhu, mutumin da ke lallaɓa sola ɗaya da batir ɗaya don fanka da fitila da cajin waya, shi za a ɗora wa wannan? Babban goro sai magogin ƙarfe, magogin kuwa babu shi.

Kuma wai don wane aiki? Kuɗi ta Bankak suke shigowa, a waya. Ciniki da abokan hulɗa a Omdurman ta WhatsApp ake yi. Abin da ya rage wa kwamfuta shi ne lissafi da wasiƙa da rasiɗi. Ni da nake yanka sauti da haɗa shiri kullum a gidan rediyo, 'yar matsakaiciya ce ke yi mini, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Injiniyan da ke zana gadoji da gine-gine, ko mai tace bidiyo, shi ne ke da hujja, kuma ba shi nake yi wa magana ba.

Za a ce idon Alhaji ya yi rauni, yana son babbar fuska. Gaskiya ne. A saya masa allo daban mai inci 24 a ajiye kan tebur, a jona. Ya fi inci 17 faɗi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Akwai abin da mutanen Khartum suka koya ranar 15 ga Afrilun 2023 wanda ba ya cikin littafin kowane kamfani. Da harbi ya tashi, abin da hannu ya iya ɗauka shi kaɗai ya tsira. Na'ura mai kilo uku da caja kamar bulo, a baya aka bar ta, tare da sunayen duk waɗanda ake bi bashi. Don haka ni tambayata ga mai sayarwa ita ce: ana kwance bayanta da sukundireba? Ana cire ma'ajiyar bayananta a sa a aljihu? In batir ya kumbura ko fanka ta mutu, yaron da ke gyara a kasuwar Omdurman yana da kayanta? Tsofaffin ThinkPad T da Dell Latitude sun cika waɗannan sharuɗɗa, ga su kuma jibge a hannun masu gyara daga Alƙahira har Kano.

Dillalin da bai yarda ba, ƙofar shirina a buɗe take. Ya zo da ƙatuwar tasa, mu zare caja, mu kunna ta gefen tawa, masu sauraro su riƙe agogo.