Masu ɗaukar hoto, filin taro ba shagon kowa ba ne

Kowace sana'a da muka gada a ƙasar nan tana da ladabinta, tana kuma da babbanta. Maƙera suna da sarkin maƙera, mahauta suna da sarkin fawa, wanzamai suna da sarkin aski. Mahauci ba ya kafa teburinsa gaban na ɗan'uwansa, wanzami kuma ba ya shiga gidan suna da wani ya gada ba tare da an yi magana ba. Sana'ar ɗaukar hoto ita ce ƙanwarsu, domin ba ta cika shekara 200 a duniya ba: a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a birnin Paris. Saboda ƙuruciyarta, har yanzu ba ta da tsarin zama irin na yayyenta, kuma rashin wannan tsari ya fi fitowa fili a wuraren da masu hoto da yawa suke haɗuwa a kan aiki ɗaya.

Mu dubi gundumomin Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magariya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba Magariya mutum fiye da dubu 570, ta ba Dungas fiye da dubu 350. Ƙasa ce mai cikar jama'a, mai yawan biki da suna da naɗin sarauta, tun daga Bande da Waca da Sasumburum har Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Amma wuraren da mai hoto yake samun babban ciniki kaɗan ne, kowa kuma ya san su: filin idi ranar salla, ƙofar fada lokacin hawa, filin kokowa bayan an kai amfanin gona gida, harabar ma'aikatar magajin gari ranar bikin ƙasa, da lambunan rake na kwarin Korama inda angwaye da matasa suke son tsayawa cikin kore. Nan ne kowa yake dosa, rana ɗaya, sa'a ɗaya.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce ai fili yana da faɗi, me ya kawo cunkoso? Amsar tana ga rana. Hoto ɗan haske ne, hasken da ya dace kuwa ba ya daɗewa. Da hantsi, ko kuma bayan la'asar, rana tana zuwa ta gefe, fuska ta fito sarai. Idan ta take tsaka, sai inuwa ta cika ramin ido, rawani ya rufe goshi da duhu. Mai hoto yana son rana a bayansa ko a gefensa, don haka cikin kusurwoyi huɗu na fili, ɗaya ce tak kowa yake kwaɗayi. Ga shi kuma abin da ake jira ba ya jiran kowa. Mahaya da suka sako dawaki domin jinjina ga sarki, kafin a ƙirga goma sun ja linzami. Ɗan kokowa yana kai abokin karawarsa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Wanda aka tare wa gaba a wannan lokaci ya yi asarar yininsa, ba kuwa za a maimaita masa kayen ba.

Daga nan ne abubuwan da ba su da kyan gani suke tasowa. Wani ya zo tun da asuba ya kama wuri, wani ya iso a makare ya tsaya ƙiƙam gabansa. Wani ya jera iyali, ya gyara wa yaro hula, ya daidaita tsayuwar kowa, sai na kusa ya ɗaga tasa na'urar ta kan kafaɗarsa ya kwashe aikin da bai sha wahalarsa ba. Wani ya ji kuɗin da ɗan'uwansa ya faɗa wa mai saye, ya matso ya raɗa masa cewa shi zai yi a rabin haka. Mafi muni, ana ganin mai hoto yana ratsa sahu jama'a suna shirin kabbara, ko ya faɗa tsakiyar fage har alƙalin wasa ya tsayar da kokowa domin a fitar da shi. Mai irin wannan hali yana zaton wayo ya yi, alhali reshen da yake zaune a kai yake sara.

Dalili kuwa shi ne zamani ya juya. A da, mai hoto shi kaɗai yake da na'ura a gari. Fim ɗinsa hoto 36 yake ɗauka idan ya yi yawa, sai an kai birni an wanke, mutane su yi kwanaki suna jira, kuma dole su jure halinsa ko da ba su so. Yau kusan kowane saurayi yana da salula mai ɗaukar hoto cikin aljihu. Abin da ya rage wa ɗan sana'a wanda salula ba ta sayarwa shi ne ƙwarewa da amana da sanin ya kamata. Ranar da masu taro suka gaji da hayaniyar masu hoto, ba za su tsaya tantance mai ladabi da marar ladabi ba. Dogari ko ɗan sanda zai kore su gaba ɗaya, mai biki ya ce ƙanensa ya ɗauka da waya. Laifin mutum ɗaya zai rufe wa mutum goma ƙofar abinci.

Manyan wannan sana'a a yammacin Afirka ba da ture-ture suka yi suna ba. Malik Sidibe na Bamako, wanda ya rasu a 2016, ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana zagaya bukukuwan matasa, ya kwana yana wanke hotuna, ya jera su domin kowa ya zo ya zaɓi nasa. Matasan sun saki jiki a gabansa saboda sun yarda da shi, kuma wannan sakin jiki ne duniya ta gani cikin aikinsa har aka ba shi babbar kyautar baje kolin fasaha na birnin Venis a 2007. A nan gida, Filip Kujina, wanda ya rasu a 2014, ya bar mana kamannin Yamai na shekarun farko bayan samun ƴancin kai. Mutumin da ake gudu idan ya ɗaga na'ura ba zai taɓa tara irin wannan dukiya ba.

A ganinmu, haƙƙi uku ne a kan mai hoto idan ya shiga filin jama'a, kuma suna da daraja bi da bi. Na farko haƙƙin mai taro. Filin idi wurin ibada ne kafin ya zama wurin hoto: ba a ratsa sahu, ba a tsayawa gaban liman, ba a haska walƙiyar na'ura a fuskar mai salla. Ƙofar fada tana da masu ita, sai a nemi iznin fadawa tun jajibiri, a tsaya inda suka nuna. A filin kokowa, igiya ita ce iyaka. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, fage na ƴan kokowa ne da alƙalai, haka kuma ya kamata ya kasance ko a dandalin ƙauye. Ƴan kallon da suka biya kuɗin shiga ba bayan mai hoto suka zo gani ba, don haka wanda yake sahun gaba ya durƙusa.

Na biyu haƙƙin mai fuska. Kasancewar mutum a bainar jama'a ba ya nufin ya ba da fuskarsa kyauta. Matar aure da ta ja mayafi ta riga ta ba da amsa. Yaro ƙarami sai da yardar iyayensa. Wanda ya faɗo daga doki, ko maras lafiya, ko mabaraci, ba abin nishaɗi ba ne. Hoton amarya da aka biya kuɗinsa na masu shi ne, ba a sa shi a Facebook ko WhatsApp domin talla sai sun amince. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, har da doka. Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma dokar 2019 da ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da yake zubar da mutuncin ɗan Adam ta intanet. Sannan yankin nan bakin iyaka ne da Najeriya: wuraren jami'an tsaro da na kwastan ba wuraren gwada na'ura ba ne.

Na uku haƙƙin abokin sana'a. Wanda mai biki ya ɗauka aiki shi ne mai wuri, saura baƙi ne, su gaishe shi, su tsaya bayansa. Inda ba a ɗauki kowa ba, wanda ya riga zuwa ya riga zaɓe, amma ba a ba shi filin gado ba: ya ɗauka, ya matsa, ɗan'uwansa ya samu tun haske bai gushe ba. Ba a wucewa gaban idon na'urar wani, ta baya ake zagayawa. Ba a ɗaukar mutanen da wani ya jera sai ya gama kuma ya yarda. Ba a karya farashi a gaban mai saye, maganar kuɗi a zaure ake yin ta tsakanin ƴan sana'a. Ba a goge sunan wani daga hotonsa a sa nasa, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2010 ta haɗa da hotuna, akwai kuma ofishin BNDA da aka ɗora wa kula da ita. Baƙon da ya zo daga Damagaram ko ya ƙetaro daga Maigatari ko Babura ya fara neman ƴan gari, su kuma su karɓe shi hannu biyu, domin gobe su ne baƙi a garinsa.

Mun san akwai masu cewa kasuwa ce, kowa tasa ta fisshe shi, mai zafin nama shi yake ci. Akwai kuma matasa masu tsoron kada manya su fake da ladabi su mallake wurare masu kyau har abada. Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amma a lura, inda babu tsari, mai ƙarfi da mai sanayya a fada su ne suke cin wuri kullum, yaro sabon shiga kuwa shi ake turewa baya. Tsarin da ya ce a ɗauka a matsa, shi ne yake ba ƙarami damarsa. Sharaɗi dai shi ne a yi shi da bakin kowa, babba da yaro, mace da namiji, mai shago da mai yawo, kuma karɓa-karɓa ta hau kan kowa ba tare da togiya ba.

Saboda haka muna kira ga masu hoto na kowace ƙaramar hukuma su zauna tun salla tana nesa, su zaɓi babbansu kamar yadda sauran sana'o'i suka yi, su amince da ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya riƙewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƴan'uwanmu da suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna da rawar takawa a nan: su rubuta ƙa'idojin da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane shago, a karanta wa wanda bai iya ba.

Muna kuma kira ga magadan gari da sarakunanmu da shugabannin gundumomi. Abin da ake nema gare su ba shi da tsada: a keɓe wa masu hoto wuri da igiya a gefen da rana take bayansu, a ba waɗanda ƙungiyarsu ta sani wata alama da za su rataya, a sanar da su tsarin taro kafin ranar. Kada wannan alama ta zama sabon haraji, kada kuma ta zama ta ƴan gata. Hoton da aka ɗauka yau a ƙofar fadar Magariya ko a dandalin Dungas, shi ne shaidar da jikokinmu za su duba su san yadda muka yi ado, yadda muka yi hawa, yadda muka yi zumunci. Ya dace waɗanda suke tara mana wannan tarihi su yi aikinsu cikin natsuwa da girmama juna.

Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya ba mu zaman lafiya da damina mai kyau.