Kafin Mu Sallama Albasa Ta Waya, Mu Yi Lissafi

'Yan'uwa manoma na Tambuwal da Kebbe, tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 ciniki ya sake kama. Yau mutum yakan ɗauki hoton albasarsa ya sa a WhatsApp ko Facebook, 'yan kasuwar Aliero da Sakkwato, har da na Mile 12 a Ikko, su yi ta tayi, wanda ya fi ba da kuɗi ya ɗauka. Gwanjo ke nan, sai dai babu mai kaɗa ƙararrawa. Abin yana da amfani. Amma ni a ganina, riba ita ce abin da ya rage a aljihu bayan an biya kowa, komai girman tayin.

Ga misali. A ce an taya buhu naira 40,000 a Aliero, wani kuma daga Ikko ya taya 55,000, amma kai za ka kai masa. In mota ta ci 10,000, buhu da dako 2,000, la'ada 2,000, ruɓewa a hanya ta ci 3,000, saura 38,000. Ka ga na kusa ya fi. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ba abin rainawa ba ne.

To, me ƙungiyoyinmu na gama kai za su yi?

Na farko, mu tara kaya wuri guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mota cike ta fi arha a kan kowane buhu, kuma babban mai saye ba ya tasowa don buhu biyar.

Na biyu, mu shanya albasa ta bushe sosai, mu ware manya daban, ƙanana daban. Hoton ya nuna abin da ke cikin buhu, sama da ƙasa. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa.

Na uku, kafin a sa hoto, a lissafa kuɗin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da ƙwadago, a tsai da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Tayin da bai kai ba, a ce albarka.

Na huɗu, a yi ciniki a kan mai saye ya zo da motarsa. Kada buhu ya hau mota sai ma'aji ya ga kuɗin a asusun ƙungiya da idonsa. Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne, akwai na jabu.

Na biyar, kada mu fitar da duka a Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ta cika. Mu adana wani kaso a rudu mai iska zuwa damina, muna dubawa muna cire mai ruɓewa.

Wasu suna cewa waya ta zo, a kori dillali. Ban yarda ba. Dillali na kirki ya san mai biya da mai gudu, kuma yakan tsaya wa baƙo. A dai yanka la'adarsa tun da fari, a rubuta.

Bashin taki ba ya jiran kowa. Saboda haka a taro mai zuwa, kowane sakatare ya zo da littafi, a fitar da abin da buhu ɗaya ya ci mana bana.