Rufin da ke korar ruwa da mai: hattara kafin a zuba jari

Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan ganyen gwaza ya san yadda ruwan ke dunƙulewa ya gangare, ganyen kuwa ko laima bai yi ba. Wannan dabi'a ce masana kimiyya suka daɗe suna kwaikwayo, har ta kai yau ana tallar fenti da gilashi da kwanon rufi da aka ce ruwa ko mai ba ya kama su.

A shekarar 1997 ne wasu masana tsirrai na Jami'ar Bonn da ke Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, suka bayyana sirrin a kan ganyen lotus na Asiya. Fuskar ganyen cike take da ƙananan ƙuraje masu kakin da ido ba ya gani. Iska na maƙalewa a tsakaninsu, sai ɗigon ruwa ya zauna a kan tsininsu kawai, ya mirgine da ƙurar da ya tarar. Shekara biyu bayan haka aka fitar da fentin Lotusan a kan wannan hikima.

Masana'antu sun fi karkata ga oksaid, wato abin da ake samu in ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, musamman na alminiyam da zink da titaniyam, saboda araha da jure zafi. Ana sassaƙa fuskarsa da sinadari ko lantarki har ta yi tsinke-tsinke da ake aunawa da nanomita. Kaurin silin gashin kai guda ya kai wajen nanomita 80,000. Sai dai galibin waɗannan oksaid masu son ruwa ne a asalinsu, don haka dole a sake shafa musu wani siririn sinadari a sama.

Korar mai ta fi wuya nesa ba kusa ba. Ƙarfin da ke riƙe fuskar ruwa ya ninka na yawancin mai fiye da sau biyu, shi ya sa mai ke malala ya shige ramukan da ruwa ya kasa shiga. Masu bincike na kamfanin Kao a Japan sun yi nasara a 1997 da alminiyam da aka sassaƙa aka shafa wa sinadari mai fulorin. A 2007 kuma masana a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna cewa sai tsinin ya yi baki kamar laima kafin ya tare mai.

A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Matsala ta farko ita ce ƙarko. Tsinken da ya yi wannan ƙanƙanta goga kaɗan ke karya shi, kuma da ya karye, oksaid ɗin da ke ƙasa ya koma shan ruwa. Mai shigo da irin wannan rufi don farantan wutar sola, da fatan ya huta da wanke ƙurar hunturu, sai ya tuna cewa ita kanta ƙurar tana cin fuskar a hankali, ga zafin rana, ga ƙyallen mai sharewa.

Ta biyu kuwa doka ce. Sinadaran fulorin da ke korar mai suna cikin dangin da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jikin ɗan Adam. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya ke cikinta, ta taƙaita PFOS a 2009, ta kuma sa PFOA cikin jerin abin da za a kawar a 2019. Kamfanin 3M ya sanar a 2022 cewa zai daina yin su baki ɗaya, yayin da ƙasashe biyar na Turai suka nemi a hana kusan dukkan dangin a 2023. Ba sabon abu ba ne hajar da aka kora daga can ta nemo kasuwa a Afirka.

Saboda haka ya kyautu dillali ya nemi takardar gwajin goga da ta jure rana, da sunan sinadarin da aka shafa, kafin ya biya ko kwabo. Ita ma hukumar SON ya dace ta gindaya wannan sharaɗi tun daga tashar jiragen ruwa. Wanda buƙatarsa korar ruwa ce kawai, akwai rufin silikon da na kaki marasa fulorin, kuma sun wadatar ga bango da gilashi.