Gona ko Rai: Ciwon Daji da Rumbun Manomin Tsanyawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina, da zarar ya wuce Bichi zai tarar da ƙasa wadda ba a bar ko taki ɗaya nata a banza ba. Gona na bin gona, gawo da kuka da ɗorawa na tsaye a tsakani, kowane kangon fili kuwa yana da mai shi da magadansa. Wannan ita ce ƙasar Tsanyawa, inda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da dubu 150, galibinsu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake. A nan aka yanke mini cibiya, kuma a nan na fara gane cewa ciwon daji ba jikin majinyaci kaɗai yake ci ba.

A shekarar da na shigo jami'a gwaggona ta ji ƙullutu a mamanta. Kunya ta sa ta ɓoye har damina ta wuce. Da abin ya ƙi ɓoyuwa aka nufi masu maganin gargajiya, domin a wajenmu an daɗe da yarda cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Aka sha saiwa, aka shafa, aka yi turare, kaji suka ƙare a wannan hanya. Sa'ad da aka kai ta asibiti a birni ƙarin ya riga ya fashe. Daga nan na ga yadda ake kwance gida daki-daki: awakinta biyu suka tafi wajen gwaje-gwaje, ragon da aka turke don layya ya tafi wajen tiyata, kwanukan jerenta da buhunan gyaɗa suka bi bayan magani, sa'an nan shanun huɗa. Da ya rage saura gona, mijinta ya kira ni zaure da dare ya ce, “Kai ne ɗan boko. Ka tambayo mini likita tsakani da Allah, in na ba da gonar nan za ta tashi?” Ban tambaya ba. Na ji nauyin likita, na kuma ji tsoron amsar. Aka jinginar da gonar, gwaggo ta rasu kafin kaka, Allah Ya jiƙanta, har yau kuwa 'ya'yanta ƙwadago suke yi a gonakin mutane.

Ban kawo wannan don a tausaya mini ba. Na tabbata a cikin masu karatun nan da wuya a rasa wanda bai ga irinsa a danginsa ba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kimanin dubu 127 suka kamu da ciwon a Nijeriya, kusan dubu 80 kuma suka mutu, inda sankarar mama da ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa ke kan gaba. A ƙasar nan kuwa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. To, manomi ba shi da aljihu irin na ma'aikaci. Aljihunsa shi ne rumbu da turke da gona, kuma kowane ɗaya aka taɓa, abincin baɗi aka taɓa.

Ya kamata mu fahimci abin da ya bambanta wannan ciwo da zazzaɓin cizon sauro ko karaya. Ba a biyan kuɗinsa sau ɗaya a huta. Da farko sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji don a tabbatar da irin cutar, a ɗauki hotuna don a ga inda ta kai. Sa'an nan tiyata. Sa'an nan maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda likitoci ke kira kemo, galibi bayan kowane mako uku, sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini, in ya yi ƙasa sai an nemi ƙari. Kusan rabin masu ciwon kuma suna bukatar gashi da na'ura, shi kuwa gashi kullum ake yinsa, kwana biyar a mako, har mako biyar ko shida. Shekara da shekaru majinyacin Kano sai dai a tura shi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Ku lissafa kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da abinci a garin da ba ka da kowa, da gonar da aka bari babu mai nome ta. Wannan lissafi ba ya cikin takardar da asibiti ke bayarwa, amma sau da yawa shi ke sa a tsaya a zagaye na uku. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa asara biyu ce, ba lafiya ba dukiya.

Daɗa abin ya ƙara tsanani tun 2023. A watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, a watan Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Magungunan daji kusan duka daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu ya bi dala. Ma'aikacin da aka tsayar wa mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 a 2024 shi kansa ba zai iya ba, balle wanda ke jiran kaka.

A nan ne nake so mu ɗalibai mu yi amfani da karatunmu. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta ƙasar Kano ta rubuta littattafai kan tattalin arzikin ƙauyukan Hausa a 1972 da 1977, ta nuna yadda talaucin manomi ke kama shi kamar tarko: ya sayar da hatsi da araha lokacin kaka, ya saya da tsada da bazara, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago, a ƙarshe ya sayar da gonar ga wanda ya fi shi ƙarfi. A ƙasar da jama'a suka yi cinkoso irin tamu, gonar da ta fita daga hannu da wuya ta dawo, domin babu dajin da za a sara a yi sabuwa. Ciwon daji yana yin cikin wata shida abin da fari ke yi cikin shekara da shekaru. Saboda haka duk wanda ya ce wannan magana ta likitoci ce kurum bai duba da kyau ba. Maganar mallakar ƙasa ce, da wanda zai gaji gona da wanda zai gaji bashi.

Ba zan yi wa hukuma ƙarya in ce ba ta yi kome ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara, a asibitoci shida, na shiyyarmu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Dokar 2022 ta mai da inshorar lafiya tilas a kan kowa. A watan Janairu na 2023 aka yi bikin buɗe cibiyar maganin daji a Giginyu cikin Kano, a watan Yuli na 2025 kuma aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ga Tsanyawa kuwa a tsakanin biranen biyu. Madalla. Amma yanke kyalle a bakin gini daban, magani ya isa ga matar ƙauye daban. Duk waɗannan tanade-tanade suna fara aiki ne bayan majinyaci ya riga ya isa babban asibiti an tabbatar da cutarsa, alhali kuwa kafin ya kai wannan matsayi turke ya riga ya zama wayam. Inshorar da muke da ita ma ba ta ɗauke dukan nauyin maganin daji ba, kuma mafi yawan masu cin moriyarta masu albashi ne. Kada kuma mu manta, a birnin Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ta daɗe tana kewaya kashi biyar.

Ra'ayina shi ne an sa kuɗin a ƙarshen hanya, alhali a farkonta ake faɗuwa. Da Ƙaramar Hukuma da Jiha za su ɗauki nauyin abu biyu kurum, watau gwajin farko na tabbatar da cuta da kuɗin mota da masauki na majinyaci da mai jinya, da an ceci rayuka fiye da yadda sabon gini zai ceta. Ƙullutun da aka cire yana ƙarami aikinsa ɗan kaɗan ne kuma ana warkewa, wanda ya bazu kuwa ko mai kuɗi sai dai ya sayi kwanaki. Ƙasar Ruwanda, wadda ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, ta buɗe cibiyar maganin daji a ƙauyen Butaro a 2012, ta kuma shigar da galibin manomanta cikin inshorar gayya. Ba sihiri suka yi ba.

Wani zai ce ai muna da zumunci, kuma gaskiya ne, ba don shi ba da ba a kai ko'ina ba. Amma mu duba yadda zumuncin ke aiki. Sai ciwo ya ci ƙarfi ake bi gida-gida, a yi shela a masallaci, ko a ɗauki hoton majinyaciya cikin halin da ba za ta so a gan ta ba a watsa a Facebook. Wanda yake da ɗa a birni ya samu, wanda ba shi da kowa ya rasa. Mutanen da suka san gayya da adashi tun kaka da kakanni bai kamata su tsaya a bara ba. Kowace kaka ana fitar da zakkar hatsi a ƙasar Tsanyawa, dami ɗaya cikin goma, matalauta da waɗanda bashi ya danne kuwa suna cikin masu haƙƙi a kanta, kuma tun 2003 Jihar Kano ke da Hukumar Zakka da Hubusi. Me zai hana malamanmu da dagatai su zauna su duba yadda za a keɓe wani kaso a rumbu guda a kowace gunduma, da littafin shiga da fita da za a karanta a bainar jama'a, don majinyatan da ciwonsu ya fi ƙarfin gida ɗaya? Na san za a ce za a cinye. To, amfanin ɗan makaranta ke nan, ya riƙe littafin, ya kuma jure a bincike shi.

Rigakafin da ake bayarwa kyauta ma muna wasa da shi. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar hana sankarar bakin mahaifa, Kano kuwa tana cikin jihohin farko. Tun 2004 allurar ciwon hanta ke cikin rigakafin jarirai, ciwon hanta kuwa shi da gubar gyaɗar da ta yi funfuna su ne manyan masu jawo dajin hanta. Tsargiyar da yaranmu ke ɗauka a kududdufi, wadda wasu ke ɗauka alamar balaga ce, tana iya zama dajin mafitsara bayan shekaru. Na san dalilin ɗari-ɗarin iyayenmu, domin ba a manta gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Wannan zargi yana da tushe, don haka ba da raini za a kawar da shi ba, sai da bayani daga bakin ɗan gida wanda ya fara kai ƙanwarsa.

Saura magana mafi nauyi, wadda na kasa yi a zaure. Maganin daji iri biyu ne: akwai wanda ake yi da fatan warkewa, akwai wanda ake yi don rage raɗaɗi da ƙara 'yan kwanaki. Rai a hannun Allah yake, babu mai musu, amma likita ya san wane iri yake bayarwa, kuma haƙƙin iyali ne su sani kafin su sa hannu a takardar gona. In akwai fatan warkewa, a sayar da abin da za a sayar, a kuma lissafa tafiyar har ƙarshenta tun ranar farko, kada a tsaya a tsakiya. In babu, ba rashin imani ba ne a nemi maganin kashe zafi, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na kemo ba, a mai da uwa ɗakinta cikin 'ya'yanta, a bar musu abin da za su noma. Likitocinmu aiki ya yi musu yawa, iyayenmu kuma ba sa yi wa babba tambaya, saboda haka sau da yawa kowa ya yi shiru, gona ta tafi a tsakani.

Mu da muke jin Turanci, muke kuma iya karanta takardar asibiti, mu ne ya wajaba mu tsaya a wannan gurbi. Ina kira ga ɗaliban ƙasar Tsanyawa da ke wannan jami'a, da 'yan'uwanmu da suka fara aiki a sakatariya da asibitocin birni, mu haɗu kafin hutun kaka mu fitar da sunayen waɗanda za su riƙa raka majinyatan garuruwanmu ganin likita, mutum ɗaya kowane mako, da tambayoyi uku a rubuce: wace irin cuta ce kuma ina ta kai, maganin na warkewa ne ko na sauƙi, kuma nawa zai ci daga yau har ranar gamawa. Ni na ɗauki makon farko.