Abin Da Aka Faɗa A Zauren Sulhu Amana Ne



Bara aka yi zaman sulhu a danginmu a nan Kurfi kan gonar gado. A gaban mai unguwa da limami, wani kawunmu ya sunkuyar da kai ya amsa cewa ya sayar da wani sashe a ɓoye, ya kuma yi alkawarin biya bayan kaka. Ashe wani yaro ya naɗi muryarsa a waya. Kafin magariba ta karaɗe WhatsApp. Kawu ya ce an tozarta shi, ya janye. Yau magana tana kotu, zumunci kuma ya yi tsami.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina zaune a wurin ina ƙulla gajeren labari a raina. Wannan ne ya sa na zaɓi batun.

Sulhu ba ya yiwuwa sai mutum ya samu inda zai ce "na yi kuskure" ba tare da tsoron za a ja masa kalmar gobe a gaban alƙali ba. Ko a fadar Maradin Katsina aka zauna, ko ta 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, ko a soron mai unguwa, jarin zaman ɗaya ne: rufin asiri. In ya tafi, kowa zai zo da bakinsa a ɗinke.

Doka ma ta san haka. Dokar sasanci da sulhu ta Najeriya ta 2023 ta ce bayanan zaman sulhu sirri ne, kuma abin da mutum ya amsa ko tayin da ya yi a wurin ba a kafa hujja da shi a kotu. Amma ta bar ƙofa: idan ana son hana aikata laifi ko fallasa shi, ko aiwatar da yarjejeniyar da aka cimma, ana iya bayyanawa. Saboda haka kada wani ya fake da sirri ya binne fyaɗe ko barazanar kisa. Wannan ba sulhu ba ne, zalunci ne.

Wani zai ce, ai daga rayuwa marubuci yake ɗibar labari. Gaskiya ne. Ɗauki darasin, ka bar mutanen. Sauya suna kaɗai bai isa ba a gari irin namu, inda gona da yawan 'ya'ya suka isa a gane gida. Sauya gari, sauya abin da ake rikici a kai, ka jira ƙura ta lafa. Idan har maƙwabci zai karanta ya ce "ai su wane ne," to ba ƙirƙira ka yi ba, tsegumi ka rubuta.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni dai labarin nan ban rubuta shi ba, wannan ɗin ma sai da kawu ya yarje mini.

Ku fa, ina kuke ja layi? Allah Ya sa mu dace.