A Sayar Da Mai Tsaron Gida, Ko A Riƙe Shi?

A cikin takardun da suka iso mana a wannan mako akwai ta wani malamin makaranta, wanda ya roƙi kada a ambaci sunansa ko na garinsu, domin maganar ba ta ƙare ba tukuna. Ya ce shi ne magatakardan ƙungiyar ƙwallon garinsu, ƙaramar ƙungiya ce wadda ba ta cikin aji na farko, kuma suna da wani yaro mai tsaron gida wanda bai cika shekara 20 ba, amma duk inda suka je wasa zancensa a ke yi. Yanzu ga wata babbar ƙungiya ta aiko tana ciniki. Dattawan ƙungiyar sun rabu biyu. Waɗansu sun ce a karɓi kuɗi a biya bashin mota da albashin da yara ke bi, waɗansu kuwa sun ce in aka sayar da shi an sayar da bege, gama da shi su ke sa ran hawa aji na gaba. Malam ya ce mu raba gardama.

Kafin mu shiga maganar, bari mu kau da wani abu da kan dami dattawa in sun ji an ce an sayar da wane. Ba mutum a ke sayarwa ba, Allah ya kiyaye. Abin da a ke ciniki a kai shi ne takardar alkawari, wadda ta ɗaure yaro ya yi wa wannan ƙungiya wasa shekara kaza. Mai saye yana biya ne don a warware wannan ɗauri tun wa'adi bai cika ba, kuma ba ya yiwuwa sai yaron ya yarda ya sa hannu. A riƙe wannan, don duk hukuncin a kansa ya ke.

To, amsarmu ita ce a sayar. Amma ba yau ba in ana iya jinkirtawa kaɗan, kuma ba da kuɗin hannu kaɗai ba. Ga dalili, kuma za mu kawo shi daga Ingila, inda irin wannan ciniki ya daɗe, aka kuma rubuta yadda ya ƙare.

Akwai wani gari a yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, ana ce da shi Shrewsbury. Ƙungiyarsu, Shrewsbury Town, ba ta taɓa hawa aji na farko ba. Tsohon filinsu a bakin kogin Severn ya ke, har ya zama akwai wani mutum da aikinsa shi ne in an buga ƙwallo ta faɗa ruwa ya shiga wani ɗan jirgi zagayayye kamar masaki, ya tuƙa ya ɗauko ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙarfin aljihunsu. A wannan gari aka haifi Joe Hart a 1987. Ya fara tsare musu gida ran 20 ga Afril 2004, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 17, a lokacin ma ƙungiyar ta faɗo aji na biyar. Da suka koma aji na huɗu, a shekarar wasa ta 2005 zuwa 2006, sai aka ba shi gidan gaba ɗaya. Wasa 46 a ke yi a wannan aji, bai rasa ko ɗaya ba, kuma da shekara ta ƙare 'yan wasan ajin suka zaɓe shi gwanin masu tsaron gida. Sa'an nan ne, a 2006, aka sayar da shi ga Manchester City. Jaridun lokacin sun ce fam 600,000 ne a hannu, da alkawarin ƙari in ya kai wani matsayi.

Jama'a, a lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, da Hart a gida Shrewsbury ta ƙare ta 10. Shekarar da ta biyo baya, ba shi, ta ƙare ta 7, har ta je Wembley wasan neman hawa aji, Bristol Rovers ta ci ta 3 da 1. Watau tafiyarsa ba ta rushe ƙungiyar ba, zamansa kuma bai hau da ita ba. Mai tsaron gida, kome gwanintarsa, hana ci ya ke yi, ba shi ke ci ba. Ya kan ceci ƙungiya daga faɗuwa, amma da wuya ya ɗauke ta shi kaɗai ya hau da ita. Dattawan da suka ce da yaronsu za su hau aji su tambayi kansu ƙwallo nawa 'yan gabansu suka ci bana.

Na biyu shi ne alkawarin ƙari. A cikin takardar cinikin an rubuta cewa ranar da Hart ya tsare wa Ingila gida a wasan gasa, za a ƙara wa Shrewsbury kuɗi. Aka shekara huɗu. Ran 3 ga Satumba 2010 Ingila ta ci Bulgeriya 4 da babu a Wembley, Hart na gida, sai ga fam 500,000 ya faɗo hannun ƙungiyar da har a lokacin tana aji na huɗu. Layi guda a takarda ya kawo kusan abin da aka ce an biya da fari. Ba a yi gumi a kansa ba, sai dai wanda ya zauna wurin cinikin ya yi tunanin gobe.

Me ya hana su riƙe shi kawai? A nan ne wa'adin takarda ya shigo. A da, ko wa'adin ɗan wasa ya cika, ƙungiyarsa na iya hana shi tafiya sai an biya ta. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, da ƙungiyarsa ta garin Liège ta hana shi komawa wata a Faransa a 1990, ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Disamba 1995, kotun Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan wanda wa'adinsa ya cika ya zama mai ikon kansa. A Ingila, in yaron bai kai shekara 24 ba, a kan yanka wa ƙungiyar da ta rene shi wani abu na diyya, amma masu sulhu ke yankawa, ba ita ba, kuma da wuya ya kai kuɗin kasuwa. Saboda haka darajar yaro a hannun ƙaramar ƙungiya kamar ƙanƙara ta ke a tafin hannu. Da saura shekara biyu a takarda kai ke faɗin kuɗi. Da saura wata shida mai saye ke faɗi, ko ma ya naɗe hannu ya jira. Ga kuma yaron da kansa, wanda ya ji an taya shi da albashin da ya ninka nasa sau da yawa, an hana shi. Wane irin tsaron gida za ka samu daga mai ɓacin rai?

Amma kada masu son sayarwa su yi murna tukuna, don akwai nasu kashin. A Janairu 2017 Sheffield United, tana aji na uku, ta sayar da wani yaro mai tsaron gida, Aaron Ramsdale, ga Bournemouth a kan kimanin fam 800,000. Shekararsa 18, bai ko taɓa tsare musu gida a wasan aji ba. Ba wanda ya yi kuka, gama a wannan shekara ma suka ci ajin suka hau. To, a Agusta 2020 sai ga su suna neman mai tsaron gida, suka koma suka sayi wannan yaron nasu a kan kimanin fam miliyan 18 da rabi. Gaskiya ne bayan shekara guda Arsenal ta saye shi daga hannunsu da abin da ya fi haka, suka fita ba hasara, amma wannan sa'a ce, ba dabara ba. Bambancin Ramsdale da Hart a fili ya ke. Shi Hart an bari ya nuna a gona, kowa ya ga wasa 46 da idonsa. Shi kuwa Ramsdale an sayar da shi ɗanye, kamar manomin da ya karɓi kuɗin gyaɗarsa tun tana fure, kuma kowa ya san wanda ke cin ribar irin wannan ciniki.

Akwai kuma haƙƙin yaron, wanda a ganinmu shi ne dattawa suka fi mantawa, alhali amana ne a hannunsu. Aikin mai tsaron gida ba kamar na sauran ba ne. A cikin mutum 11 gurbinsa ɗaya ne tak. Ɗan gaba in bai fara wasa ba a kan sako shi saura minti 20 ya nuna kansa, amma ba a canja mai tsaron gida sai in ya ji ciwo ko an kore shi. Kuma su masu wannan aiki ba su nuna da wuri, su kan daɗe kuma ba su tsufa ba. Dino Zoff yana da shekara 40 ya ɗauki kofin duniya da Italiya a 1982. Abin da ke koya musu aiki shi ne wasa na gaske, inda kuskure guda zai sa gari ya kwana da baƙin ciki. Babbar ƙungiya kuwa sau da yawa ajiya ta ke sayen yaro, ba don ya yi wasa gobe ba. Hart da kansa wasan aji ɗaya rak ya yi wa Manchester City a shekararsa ta fari, sai da aka ba da shi aro ga Tranmere da Blackpool. Ya samu gidan, a 2009 aka sayo Shay Given aka ture shi, aka sake ba da shi aro ga Birmingham shekara guda. Sai a 2010 ya zauna daram, ya ci aji na farko sau biyu, a 2012 da 2014, ya tsare wa Ingila gida sau 75. Ramsdale ma aron da aka ba da shi ga Chesterfield da Wimbledon, a can ƙasa inda ya fito, shi ya gina shi. Waɗannan biyu mun san sunansu don sun tsira. Waɗanda suka shekara uku a kan benci suna kallo har hannunsu ya yi sanyi, ba a rubuta labarinsu a jarida.

Saboda haka, Malam, in kun zauna da masu saye, kada ku fara da tambayar nawa za su bayar. Ku fara tambaya masu tsaron gida nawa ke gare su, kuma yaronku na nawa zai zama. In na uku ne, ku nemi su saya su bar muku shi aro har shekara ta ƙare. Wannan ba baƙon abu ba ne a cinikin ƙwallo, kuma kowa ya ci riba: ku kun samu kuɗi da mai tsaro, su kuma ana yi musu kiwo kyauta. Sa'an nan ku tsaya a kan rabo, watau a rubuta cewa in sun sake sayar da shi kuna da kashi kaza cikin 100 na ribar. Exeter City, ita ma ƙaramar ƙungiya ce, ta sayar da Ollie Watkins ga Brentford a 2017 da irin wannan sharaɗi, shi ɗan gaba ne ba mai tsaron gida ba, amma hukuncin ɗaya ne. Da Aston Villa ta saye shi a 2020 a kan fam miliyan 28, rabon da ya komo wa Exeter ya fi kuɗin cinikin farko. Mai saye ya kan yarda da wannan da sauƙi, gama ba daga aljihunsa na yau zai fita ba. Ko da za a rage muku kuɗin hannu saboda shi, ku yarda.

Wani abu kuma da ya shafe ka kai magatakarda musamman. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a kan ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har 23. Amma da rajista a ke bi, ba da shaidar mutanen unguwa ba. In yaron ya shekara biyar a hannunku ba a rubuta sunansa wurin hukumar ƙwallo ba, a idon doka ba ku taɓa ganinsa ba. Ka duba littafinka tun yau. Ka kuma yi hankali da dillalin da zai ce zai kai yaro Turai a gwada shi, ba takarda daga ƙungiyar da ta kira shi.

Ga masu cewa kuɗi ba kome ba ne, daraja ita ce gaba, mu ma muna son daraja. Amma Bury, wadda ta ci babban kofin Ingila a 1900 da 1903, an kore ta daga gasa a Agusta 2019 saboda bashi, bayan ta shekara 125 a ciki, kuma a wannan shekarar ma ta hau aji. Hawan bai biya albashi ba. Ƙungiyar da yaranta ke bin ta bashi ba ta da ikon ƙin ciniki don ado. Sai dai mu ce da ɗaya ɓangaren, in an biya bashi, abin da ya saura kada a watsa shi wajen ɗauko tsofaffin 'yan wasa masu tsada don a huce haushi. A gyara fili, a ɗauki mai koyar da masu tsaron gida, gama akwai wani yaro ɗan shekara 14 a bayan gidan nan yana ɗauko ƙwallo, wanda ba ku duba ba tukuna. A kuma karanta lissafin kuɗin a gaban taro, don irin wannan ciniki ya fi raba zumunci bayan an karɓi kuɗi, ba kafin a karɓa ba.

Abu ɗaya Malam bai faɗa mana ba a takardarsa, shi ne saura wata nawa a alkawarin yaron, kuma ko an tambaye shi da mahaifinsa abin da su ke so. In da saura shekara biyu, ku bar shi ya cika wannan shekara a gida, masu saye za su ƙaru. In saura wata shida ne, ku kira su cikin makon nan. Muna jiran takardarka ta biyu mu ji yadda dattawa suka yanke.