Raunin zuciya: bincike ya yi nisa, mai jego a Nijar na jiran awo

Raunin bugun zuciya cuta ce da ke kama mutum idan tsokar zuciyarsa ta kasa matsewa yadda ya kamata. Lafiyayyar zuciya na tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Idan abin da take turawa ya sauka zuwa kashi 40 cikin 100 ko ƙasa, ruwa kan taru a huhu da ƙafafu, numfashi ya yi wuya, musamman in an kwanta.

A Turai cutar ta fi kama tsofaffi. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan majiyyata 1,006 a ƙasashen Afirka tara ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne babban sanadi.

A ƙasar Hausa akwai wani nau'in da ke kama mata gab da haihuwa ko cikin watannin jego. Likitocin Zariya sun bayyana shi tun shekarun 1970, inda suka ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego. A 1992, binciken Arnaud Cénac a Yamai ya gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu cutar. Daga baya, aikin Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya karkata hankali ga talauci, rama da hawan jini na masu ciki.

Ta fuskar magani an samu ci gaba. Gwajin da aka yi wa dapagliflozin a 2019 ya nuna ya rage tsanantar cutar ko mutuwa da kashi 26 cikin 100. Yanzu likitoci na haɗa rukuni huɗu na magunguna.

Sai dai kafin magani, sai an gano cutar da ekografin zuciya, kuma na'urar da ƙwararrunta sun fi yawa a Yamai. Matar ƙauye a jihar Maraɗi ko Tawa kan ɗauki kumburin ƙafa da haki a matsayin wahalar jego, har sai ta galabaita. Wadda zuciyarta ba ta murmure ba kuwa, sabon ciki na iya halaka ta.

Don haka abin da ya fi gaggawa shi ne awon hawan jini ga masu ciki da masu jego a cibiyoyin CSI, da tura duk mai haki da kumburi asibitin jiha ba tare da jinkiri ba.